Ranar da Babu Salla a Logbuk

Imoro ya sallame sallar asuba a gefen tirelarsa, a wata tashar manyan motoci kusa da Emporia a kudancin Virginia, ya naɗe dardumarsa ya hau mota. Bai tayar da ita ba. Ya ɗauko littafin nan da direbobi ke kira logbuk, ya ɗora shi a kan sitiyari, ya buɗe shafin jiya Talata, ya zuba masa ido kamar wanda aka kawo wa sammaci.

Wanda bai taɓa jan babbar mota a Amurka ba, da wuya ya gane yadda takarda ke ɗaure ƙato. Kowace rana da shafinta, kowane shafi da layuka huɗu a kwance, an yanka su awa-awa har ashirin da huɗu: layin hutu, layin kwanciya a gadon mota, layin tuƙi, sai layin aikin da ba tuƙi ba, irin su lodi da jiran lodi. Direba zai ja biro a kan layin da yake ciki, in ya sauya aiki ya hau ko ya sauka zuwa wani layin, ya rubuta sunan garin a ƙasa. Dokar kuwa a shekarar 1985 ba ta da tsawo. In ka yi tuƙin awa goma, sai ka huta awa takwas cur a jere kafin ka sake taɓa sitiyari. Bakwai da rabi ba ta shiga lissafi.

A ƙaramin kamfanin da yake wa aiki a Landover, a gefen birnin Washington, littafin tatsuniya direbobi ke kiran abin, kuma ba su yi masa ƙage ba, domin akwai masu yin barcin da ba su yi ba a garuruwan da ba su tsaya ba. Imoro dai shekara shida yana jan mota bai taɓa ƙara wa littafinsa ko minti goma sha biyar ba. Ba wai waliyyi ne ba. Mutumin Kumasi ne mai saurin fushi, mai son a yabe shi, kuma yana jin daɗin yadda ake nuna shi a ce ga mai gaskiya. Littafin nasa ma da alamarsa. Duk inda ya tsaya salla, sai ya ɗaga biro daga layin tuƙi zuwa layin hutu na kwata ɗaya, ya dawo, ya rubuta garin, ya sa kalmar salla da Turanci a gefe. Saboda haka layin tuƙinsa kullum da haƙora yake, biyu ko uku a wuni, kamar bakin zarto.

Shafin jiya ma haƙoransa na nan, da gaskiyarsa tsirara. Ya wuni jiran lodin lemo a Jacksonville har ƙarfe ɗaya da rabi, ya yi tuƙin awa shida, ya isa Florence da ƙarfe takwas. Daga nan ne ya buga waya gida, matarsa Wasilatu ta ɗauka tana kuka, ta ce Alhaji Muntaka ya cika a asibiti ana kiran magariba.

Alhaji Muntaka shi ne ya kawo Imoro Amurka, a falonsa Imoro ya kwana wata tara, shi ya karɓa masa auren Wasilatu, shi ke jan jama'ar Gana salla a Wheaton, unguwarsu da ke kusa da Washington. Shekara uku da suka wuce, bayan an yi masa tiyatar farko, ya kira Imoro ɗaki ya sa ya kulle ƙofa, ya ɗage rigarsa. A ƙirjin dattijon, daga wannan nono zuwa wancan, akwai hoton wata mace da aka zana da allura, ba ko ƙyalle a jikinta, ga sunanta a ƙasa. Aikin ƙuruciya ne, lokacin yana ma'aikacin jirgin ruwa daga Takoradi ta Gana, a wata tashar Turai da ya ce ko sunanta ba ya son tunawa. Ban da iyalinsa da likitoci babu wanda ya taɓa gani.

"Ɗana," in ji shi a ranar, "na tuba tun ba a haife ka ba, amma fata ba ta san tuba ba. Ranar da na mutu kai za ka yi mini wanka. Ka lulluɓe ni tun daga wuya, ka wanke ta ƙarƙashin zane. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna bi na salla, kada wannan ya zama abin da za su tuna ni da shi."

Imoro ya ɗauki alkawari, kuma daga baya ya koyi wankan gawa a hannun Alhajin, har ya zama shi ake nema in an yi rashi.

Yanzu ga shi gidan ajiye gawa na Wheaton ya ba su ɗaki daga sha ɗaya zuwa sha biyu, domin akwai wasu masu makokin a bayansu. Da ya cika awa takwas a Florence, da bai isa ba sai an gama. Sai ya yi biyar ya tashi. Ga abin da littafin ke faɗi ke nan in aka bi gaskiya: tun wajen ƙarfe biyar na asuba awa gomansa ta cika, kuma duk mil ɗin da ya ƙara daga nan, a wajen doka yake. Tsakaninsa da Washington kuma akwai sikelin manyan motoci a kan hanya ta 95, wanda ba a sanin ranar da zai buɗe.

Ya kama shafin Talata tare da kwafinsa na ƙasa ya yage. Ƙarar takardar ta cika masa kunne. Ya buɗe sabo, ya sa takardar kabon, ya ɗauko 'yar rularsa. Aikin ba wuya, ya sha ganin ana yi a kan teburin shayi. Awa uku kawai zai cire daga jiran lodi: ya bar Jacksonville da goma da rabi, ya isa Florence da biyar, ya kwanta har ɗaya. Takwas ta cika.

Da ya zo kan haƙoran ne hannunsa ya tsaya. Azahar a Jacksonville ya yi ta, amma sabon shafin ya ce a lokacin yana can tsakiyar Georgia. Magariba a Santee ya yi ta, sabon shafin kuwa ya ce yana kwance a Florence. Sai dai ya ƙirƙiro wa kowace salla garin da ba a yi ta ba. Ya ɗora biro, ya ɗage, ya sake ɗorawa. Ƙarya a kan lodin lemo daban, amma ya rubuta sunan salla ya jingina mata ƙarya, wannan kam zuciyarsa ta ƙi. Sai ya ja layin tuƙi miƙe santal, ba haƙori ko ɗaya, ya sa hannu a ƙasa. A ganinsa ya yi dabara. Mutum in ya saba da gaskiya, ranar da ya tashi yin ƙarya sai ka rantse bai taɓa zuwa makaranta ba.

Ya wuce Petersburg, ya wuce Richmond gari na wayewa sosai. Idanunsa na yaji, ya sauke gilashi iska mai sanyi na dukan fuskarsa. A rediyon direbobi ana ta gardama, wani ya ce sikelin a rufe yake, wani ya ce ƙarya ne yanzu ya baro shi. Imoro ya kashe rediyon. Yana ta lissafi a zuci: ya ajiye mota a Landover da goma da kwata, ya watsa ruwa, ya isa Wheaton kafin sha ɗaya. Abin da ke ƙara masa zafi shi ne ya san wanda za a tura in bai iso ba. Malam Dabo ne, mai kantin kayan miya a Wheaton, mutumin Accra, wanda ya sha zuba ruwa a wajen wanka amma bai taɓa jagoranta ba. Malam Dabo ba mugu ba ne, sai dai abin da ya shiga kunnensa da hantsi, kafin la'asar ya isa Annandale, can ɗaya gefen Washington. Ga shi kuma shekara da shekaru suna takun saƙa da Alhaji a kan wanda ya fi cancanta ya ja salla.

Tara da kwata ya hango allon sikelin. A buɗe yake.

Ya bi layi, motoci bakwai a gabansa, kowace ta hau sikeli a ba ta koriyar fitila ta wuce. Ya riƙa karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya hau, ya tsaya. Fitilar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan lasifika ta yi magana: ya zagaya baya, ya shigo da takardunsa.

Jami'in da ke bayan kanta wani dattijon Baƙar fata ne mai furfura a saje, an rubuta Martins a ƙirjinsa. Ba shi da gaggawa, kuma ba shi da ɗaure fuska. Ya duba lasisi, ya duba takardar likita, ya duba takardar lodi, ya ce lemon bana ya yi tsada. Sannan ya jawo logbuk. Doka ta ce a ga na yau da kwana bakwai baya, don haka daga baya ya faro. Ya buɗe Laraba, Alhamis, Juma'a, yana bin layi da bayan biro. Imoro na tsaye, yana jin gumi na gangarowa ta ƙarƙashin rigar sanyinsa. Agogon bango ya ce tara da rabi da minti biyar.

"Littafinka da tsabta," in ji jami'in da Turanci. "Shekara goma sha tara ina wannan aikin, ban taɓa ganin mai rubuta ibadarsa ba. Kullum kake tsayawa haka?"

"Kullum, ofisa."

"Ko kana sauri?"

"Ko ina sauri."

Ya gyaɗa kai kamar abin ya burge shi. Ya buɗe Lahadi, ya buɗe Litinin, ya iso Talata. Bayan biron ya bi layin tuƙi daga goma da rabi har biyar bai ci karo da komai ba. Ya koma Litinin, ya dawo Talata, ya leƙa na yau, inda haƙorin asuba ke zaune a Emporia. Ya ɗago ya dubi Imoro ta saman tabarau.

"Jiya ba ka yi salla ba ke nan?"

Tambayar ba ta da ƙaya. Mutumin bai da wata shaida a hannu, ba rasit ba komai. Imoro ya gane haka sarai. In ya ce e, ban yi ba, na makara, na gaji, sai a miƙo masa littafi ya kama hanya, ya isa Wheaton da sauran lokaci. Kalma ɗaya ce. Ya buɗe baki don ya faɗe ta, sai ya tsaya. Wai shi Imoro, ya tsaya a gaban wani ya shaida da bakinsa cewa ya wuni bai kai goshinsa ƙasa ba, kuma daga nan ya tafi ya sa wannan hannun ya wanke mutumin da ya koya masa tsayar da salla a ƙasar nan. Ya san cewa ya riga ya yi ƙarya a takarda. Ya san babu wata hikima a ce an ci rabin haram an tsaya a rabi. Duk ya sani, amma bakin ya ƙi.

"Na yi," ya ce.

"Ka manta ba ka rubuta ba?"

Ga wata ƙofar an sake buɗe masa. Ya dubi ƙasa.

"Ta faɗuwar rana fa, a ina ka yi ta?"

"Santee."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai saura."

Jami'in ya dubi shafin, inda layin ya ce tun biyar Imoro na kwance a Florence, mil sittin gaba da Santee. Ya cire tabarau ya murza ido. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi ainihin lokacin isowa da na tashi, Imoro ya faɗa, ya lissafa a gefen takarda.

"Awa biyar ka kwanta, kuma ka haura goma da fiye da awa uku. Ba zan iya barin ka ka hau hanyar nan ba."

A nan ne Imoro ya zube. Ya ce ubansa ne ya rasu, ya ce mil talatin da biyar ya rage, ya ce minti arba'in kacal, a raka shi da motar 'yan sanda in ana so, a ci shi tarar da aka ga dama. Ya bayyana wankan, ya bayyana awa ɗayan da aka ba su. Abu guda ne bai faɗa ba, shi ne dalilin da ya sa dole sai shi. Jami'in ya saurara har ƙarshe.

"Na yi maka ta'aziyya, da gaske nake," ya ce. "Amma ka dubi idanunka a gilashin can. Gabanka cunkoson gadar Wilson ne, da motoci cike da mutane. In na sake ka ka kife a kansu, gidaje nawa za su yi irin safiyar da kake yi? Awa takwas daga yanzu. Ka ajiye motar a layin baya, kuma ba a barin mota a nan ba direba."

Kafin a gama cike takardu a sa hannu, goma da minti ashirin ta yi. Ya fita wajen wayar kuɗi da ke jikin bango. Ya kira kamfani, aka ce babu direban da za a turo sai yamma, aka ƙara masa da maganganun da ba sai an maimaita ba. Ya kira gida, Wasilatu ta ce maƙwabcinsu Katung zai iya tasowa da motarsa, amma ko ita ta san lissafin: kafin ya zo su koma Wheaton, sha biyu ta wuce.

"Baban Ajara, ka yi haƙuri," ta ce. "Ai wanka wanka ne, ko wa ya yi Allah ya karɓa. Malam Dabo yana can."

Ya karɓi lambar gidan gawar ya ajiye wayar.

Sha ɗaya saura biyar ya fara kira, layi a cike. Ya sake, a cike. Sai sha ɗaya da minti shida wata Baturiya ta ɗauka, ta ce ya jira, akwai waya a ɗakin wankan. Ya ji an turo kiran, ya ji ƙarar ruwa a bokiti da muryoyin maza.

"Imoro, ina ka shiga?" Muryar Malam Dabo ce, cike da isa. "Mun jira ka mun gaji. Yoo, ba komai, ga ni ga Inusah ga Maitama. Faɗa mini daki-daki, na maƙala wayar a kafaɗa."

"Malam, don Allah ka saurare ni kafin ka taɓa komai. Ka samo babban zane ka lulluɓe shi tun daga wuya har ƙafa. Rigar asibitin ta ƙarƙashi za ka zare ta. Kada ka buɗe ƙirjinsa."

"Wane irin tun daga wuya? Cibiya zuwa gwiwa ake rufewa, wannan ko ni na sani. Ga shi ma ina kwance igiyar rigar."

"Malam, wasiyyarsa ce. Ka tsaya."

Ƙarar ruwan ta ɗauke. Imoro ya manna kan wayar a kunne har ya yi masa zafi, tireloli na wucewa a bayansa suna girgiza ƙasa. Ya ji numfashin Malam Dabo, dogo, sau ɗaya. Ya gane an gani. Ya dafa bango. Alkawarin shekara uku ya karye, kuma ba kowa ya karya shi ba sai shi, da gaskiyar da bai riƙe ba da ƙaryar da bai iya ba. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Can ya ji muryar Malam Dabo ta yi nesa da wayar, ta yi ƙasa, ba irin wadda aka sani a kanti ba.

"Inusah, ku tsaya nan inda kuke. Miƙo mini zanen can. To, ku ɗan ba mu wuri, ku ja ƙofar."

"Malam, wa zai zuba maka ruwa?"

"Na ce ku ba mu wuri. Ni kaɗai na isa."

Takun ƙafa, sannan ƙofa ta rufe. Muryar ta dawo kan wayar.

"Imoro."

"Na'am, Malam."

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara uku."

"Su ba su gani ba, bayana ya tare su." Ya ja hanci. "Shekara ashirin ina jayayya da bawan Allahn nan, ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan shi kaɗai. To, yau mun zama biyu, kuma ba za mu zama uku ba. Ka ji ni?"

Imoro ya kifa goshinsa a kan akwatin wayar, hawaye na sauka a kan rigar sanyinsa, wani direba da ya zo jiran waya ya dube shi ya juya.

"Lokaci na tafiya, ɗana," in ji Malam Dabo. "Na lulluɓe shi. Sai me?"

Imoro ya share fuska da bayan hannu, ya gyara murya.

"Ka naɗe hannunka da ƙyalle, Malam, ka yi niyya. In ka gama masa alwala, ka fara da damansa."